Amosanin Gaɓɓai a Jikin Dattijai: Kwantar da Zafi da Tsayar da Ɓarna

Cutar da wannan lacca ta shafa ita ce nau'in amosanin gaɓɓai da likitoci ke kira rumatoyid, wanda ke faruwa idan garkuwar jiki, wato tsarin da ke kare mutum daga cututtuka, ta juya ta afka wa tantanin da ke lulluɓe da cikin gaɓa, har wurin ya kumbura ya yi zafi, guringuntsi da ƙashi kuma su riƙa zaizayewa a hankali. Likitan Ingila Alfred Garrod ne ya raɗa mata suna a 1859, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 18 ne ke fama da ita, kusan kashi 70 cikin ɗari mata. Ta bambanta da ciwon gwiwa na tsufa, domin takan fara ne daga ƙananan gaɓɓan yatsu da wuyan hannu, ta kama dama da hagu tare, gaɓɓan kuma su sandare da asuba na tsawon sa'a guda ko fiye.

Babban kuskuren da 'ya'ya kan yi, galibi saboda tausayi, shi ne ɗaukar lafawar zafi a matsayin samun sauƙi. Magunguna irin su ibuprofen da diclofenac, waɗanda ake saye a kemis ba tare da takardar likita ba, suna rage raɗaɗi amma ba sa hana gaɓa lalacewa, kuma a jikin dattijo suna iya jawo gyambon ciki da zubar jini da raunin ƙoda, musamman ga mai hawan jini. Abin da ya fi wannan haɗari shi ne haɗin ƙwayoyi marar suna da masu talla ke ƙullawa a leda, wanda ake iya samun dexamethasone ko prednisolone a cikinsa. Tsohuwa takan sha ta miƙe garau washegari, gida ya yi ta shi wa mai maganin albarka, alhali ɗorewa a kansa na kumbura fuska, ya tayar da ciwon suga, ya sa ƙashi ya yi rauni. Kuma daina shi farat ɗaya bayan an daɗe ana sha shi ma haɗari ne, sai dai likita ya riƙa rage shi kaɗan-kaɗan.

Magungunan da ke taka wa cutar kanta birki daban suke, kuma jagoransu shi ne methotrexate, wanda ake sha sau ɗaya a mako tare da sinadarin folik asid. Yakan ɗauki makonni shida zuwa goma sha biyu kafin a ga amfaninsa, kuma a wannan tsakanin ne iyalai da yawa ke yanke ƙauna su watsar da shi. Wajibi ne a ɗora wa mutum ɗaya a gida alhakin tuna ranar shansa, saboda shan sa kullum bisa kuskure na iya kisa, kuma a riƙa gwajin jini don duba hanta da ƙwayoyin jini. Wanda aka ba hydroxychloroquine kuwa yana buƙatar a riƙa duba idonsa. Gaɓar da ta riga ta karkace ba ta komawa yadda take, shi ya sa watannin farko suka fi kowane lokaci daraja.

Sauran aikin na cikin gida ne. Ruwan ɗumi na alwalar asuba yana sassauta yatsu, musamman lokacin hunturu, kujera a banɗaki tana ɗauke wahalar tsuguno, shari'a kuma ta sauƙaƙa wa marar lafiya yin salla a zaune, kodayake dattijai da dama sai sun ji daga bakin malami hankalinsu ke kwanciya. Barin sigari na taimakawa, haka ma motsa gaɓɓai a hankali kowace rana, domin yawan kwanciya na ƙara sandarar da su. Kunya da kara kan hana uwa faɗa wa ɗanta cewa ɗaura zani ko buɗe murfin kwalba ya gagare ta, don haka lura ta fi tambaya amfani. Sai dai ƙwace mata duk ayyukan da ta saba, ko da da sunan biyayya ne, yakan raunana hannunta ya kuma sa ta ji ta zama nauyi, saboda haka ya fi kyau a sauƙaƙa mata aikin, kamar a naɗa tsumma a mariƙin ludayi don ya yi kauri, a bar ta ta ci gaba da abin da take iyawa.