Hannun Jarin Kamfani da Haƙƙin Zakka a Cikinsa

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.



A bana magada daga Birnin Kudu da Gwaram sun riƙa kawo mana takardun hannun jarin da iyayensu suka bari, wasu na Jaiz, wanda ya fara aikin banki a Janairun 2012, wasu na kamfanonin da aka yi rububinsu kafin faɗuwar kasuwa ta 2008. Tambayarsu ɗaya ce: a kan wane adadi za a fitar da zakka?

Jarin kamfani hawa-hawa ne. Akwai wanda aka rarraba wa masu hannu, akwai wanda suka riga suka biya daga cikinsa. Dokar kamfanoni ta 2020 ta soke tsohon tsarin jarin da ake ba da izininsa, ta sa mafi ƙarancin abin da za a rarraba ya zama naira 100,000 ga kamfani mai zaman kansa, naira miliyan 2 ga na jama'a. Waɗannan alƙaluma na rajista ne. Haka ma kwabo 50 da aka rubuta a fuskar yawancin takardun. Wanda ya lissafa zakkarsa a kan kwabo 50 alhali hannun yana cin nairori a kasuwa ya tauye rabon miskini, ko da bai yi nufi ba.

Abin dubawa shi ne niyya. Mai saye da sayarwa hukuncinsa na mudiri ne a mazhabarmu ta Malikiyya: idan shekara ta zagayo zai ƙiyasta da farashin ranar, in ya kai nisabi, kimanin giram 85 na zinari, ya fitar da kashi 2.5 cikin ɗari. Wanda ya ajiye don cin riba kawai, Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Jidda ta yi bayaninsa a 1988: idan kamfanin ya fitar a madadinsa, ya wadatar, idan bai fitar ba, nauyin yana wuyansa.

Saura hannun jari mai fifiko, wanda ake lamunce wa mai shi tsayayyar riba kafin kowa. Majalisar ta hana shi a 1992, kuma mun gamsu da hujjarta, domin tarayya ba ta tsayuwa sai an raba asara kamar yadda ake raba riba. Saboda haka gidauniya ba za ta karɓe shi a matsayin waƙafi ba.

Muna roƙon limamai su sanar ranar Juma'a cewa mai irin wannan takarda ya kawo ta ofis kafin a raba gado. Wassalamu alaikum.