Kalmar Gabas: Asalinta da Ma'anoninta

Cikin sunayen kusurwoyi huɗu na Hausa, babu wanda tushensa ya fito fili kamar gabas. Tana cikin dangin kalmar gaba, watau sashen jiki na wajen fuska da ƙirji, inda aka sami gabata da gabatarwa da magabata. Akwai kuma wata shaida cikin bakin jama'a: wani ya ce gabashin Kano, wani ya ce gabacin Kano. A ƙa'idar Hausa, harafin s yakan koma sh idan wasalin i ya biyo shi, t kuwa ya koma c, kamar yadda mota take ba da motoci. Ashe ke nan gabaci yana nuna wata tsohuwar sura mai ƙarewa da t, irin ta gabata.

Abin lura shi ne, Bahaushe ya sa wa yamma suna da lokacin da rana take karkata can, shi ya sa kalma ɗaya take ɗauke da wuri da lokaci. Gabas kuwa da jikin mutum aka auna ta: ita ce inda ake fuskanta. Larabawa ma suna da irin wannan awo, domin ga mai duban mafitar rana, Yaman tana hannun dama, watau yamin, kuma kalmar shimal tana nufin hagu da arewa gaba ɗaya.

Da Musulunci ya kafu, sai kalmar ta ƙara nauyi. Masallaci ya dubi gabas, mai yanka ya juya dabba gabas, mamaci a kwantar da shi fuskarsa na duban gabas. Almajirin da ya nufi Barno neman haddar Alƙur'ani, a ce ya tafi gabas. Haka aka ce da Sarkin Musulmi Attahiru na Farko sa'ad da ya bar Sakkwato a 1903 da jama'a mai yawa, har aka kashe shi a Burmi cikin wannan shekara. Ɗansa Muhammadu Bello ya ci gaba da sauran mutane har Sudan, inda garin Mai Wurno yake a bakin kogin Nilu Shuɗi.

To, a nan ne kalmar take ruɗa mutane, domin abu uku ake kira da suna ɗaya, kuma ba wuri ɗaya suke ba. Akwai gabas ta taswira, wadda ma'aikacin safiyo yake aiki da ita, ba ta motsi. Akwai alƙibla, wadda daga Kano ta karkata arewa da gabas ta taswira da kimanin digiri 22, watau gabas ce maso arewa. Sa'an nan akwai mafitar rana, ita kuwa yawo take yi. Wajen 21 ga Yuni rana tana fitowa kimanin digiri 24 arewa da gabas ta taswira, har ta kusa dacewa da alƙiblar Kano. Wajen 21 ga Disamba, tsakiyar hunturu, sai ta koma kudu da wannan adadi. Saboda haka maginin da ya ja layin masallaci da fitowar rana a lokacin sanyi ya kauce wa alƙibla da fiye da digiri 45. Abin takaici, rani ne lokacin gini a ƙasar Hausa, ba damina ba.

Wannan ya shafi ma'aikacin ofishin ƙasa da alƙali da dagaci. Idan dattijo ya ce iyakar gonarsa ta miƙe gabas daga gindin tsamiya, lalle ne mai rubutawa ya tambaye shi wace gabas yake nufi kafin ya sa a takarda. Digiri 22 ba ƙaramin abu ba ne: a tsawon taku 100, bambancin ya kai kusan taku 40, kuma ƙasa da haka ma takan raba 'yan'uwa a gaban shari'a.

Jikokin waɗanda suka yi hijira kuwa, tafiya gabas ta sauya musu alƙibla. Daga Mai Wurno, Makka ta fi kusa da arewa bisa ga gabas, domin kimanin digiri 36 kaɗai ke tsakaninta da arewa ta taswira. Mai salla a can ba mafitar rana yake fuskanta ba.