Bututun Iskar Ban-ɗaki: Kada A Fasa Bangon Da Ke Ɗauke Da Rufi

(Jawabi ga magidanta da maginan karkara)

Yau maganarmu a kan bututun iska ne, wanda ake kafa wa salga ko ban-ɗaki na ruwa, da kuma hanyar da ya kamata ya bi a jikin gini.

Da farko, mene ne aikin wannan bututu? A salga, iskar da ke wucewa ta bakinsa na sama ita ke jawo wari daga rami ta fitar da shi. Ƙudaje kuma sukan bi hasken da suke hangowa a sama, sai su tarar da raga a baki, su kasa fita, su mutu. A ƙasar Zimbabuwe aka fito da wannan dabara a shekarun 1970. A ban-ɗaki na ruwa kuwa, bututun yana fitar da wari, yana kuma shigo da iska, don kada ruwan da ke kwance a lanƙwasar masai ya zuƙe. Wannan ruwa shi ke tare wari daga dawowa ɗaki.

To, ina matsalar take? Mutum ya gama gini, ya yi rufi, sannan ya tuna da bututu. Sai a kira mai aikin famfo. Shi kuma don aiki ya yi kyan gani, sai ya ɗauki guduma ya sassaƙe bango daga ƙasa har sama, ya cusa bututun a ciki, a shafe da siminti.

Mu yi lissafi tare. Faɗin bututun inci 4 ne. Kaurin ƙaramin bulo inci 6 ne. Idan an cire 4 daga 6, saura 2. Ga shi kuma bulo yana da rami a cikinsa. Ke nan an raba bangon gida biyu. Shafen siminti zai ɓoye ɓarnar, amma ba zai mayar wa bango ƙarfinsa ba. Sai damina ta zo da iska da ruwa, a ga tsaga ta bi layin bututun.

Ba kowane bango ne ke ɗauke da nauyi ba. Wani raba ɗaki kawai yake yi. Yaya za ka gane? Ɗaga kai ka duba. Duk bangon da azara ko katakon rufi suka kwanta a kansa, mai ɗaukar kaya ne. Haka ma wanda aka ɗora wa bene. Yawancin bangon waje yana cikin wannan sahu.

Ko a Amurka, inda ake gina gidaje da yawa da katako, akwai ƙa'ida a kan haka. Katakon da ke tsaye cikin bango mai ɗaukar nauyi, ba a yarda a yi masa sara da ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu na faɗinsa ba. Idan huda ce, kada ta wuce kashi 40 cikin 100, sai fa in an ƙara masa wani katakon. In bututu ya fi ƙarfin bangon, sai su ƙara wa bangon kauri.

Saboda haka ga abin da za mu kiyaye:

1. Bututu ya bi ta bayan bango, a waje. A tsayar da shi sak, a ɗaure shi da maɗauri a jikin gini.

2. Ya zarce ƙololuwar rufi da santimita 50, wato kamar kamu ɗaya. Kada ya tsaya a ƙarƙashin kwano ko kusa da taga.

3. A ɗaure raga a bakinsa. Na salga kada a kife masa murfin da zai tare haske.

4. Idan dole ne ya ratsa bango, a huda daga ciki zuwa waje kai tsaye, nesa da kusurwa da bakin ƙofa.

5. Kada a taɓa linta, ko ginshiƙi, ko azara. Kada a yanke rodi ko guda ɗaya.

6. A toshe gefen hudar da kyau. Wannan ya fi muhimmanci a ginin ƙasa, domin ruwa in ya sami kafa, cin bango yake yi a hankali.

Abin da ya fi duka sauƙi shi ne shiri tun farko. Ranar da za a fitar da harsashi, mai gida ya zaunar da magini da mai aikin famfo, su nuna inda bututu zai bi. Magini sai ya bar masa kafa yana cikin jera bulo. Wannan bai ci kuɗi ba.

Wanda kuma an riga an sassaƙe masa bango, ya riƙa dubawa. In ya ga tsaga tana ƙara buɗewa, ko ƙofa ta fara cijewa, kada ya tsaya shafe-shafe. Ya kira gogaggen magini ya duba, kuma kada iyali su kwana a ɗakin sai an gyara. Rigakafi ya fi magani.