Jawabi ga masu ajiye zoɓo da ruwan sanyi a firizar haya

Iyayenmu mata da maza, na nan Mora da waɗanda suka zo daga Kolofata, Amchide da Limani.

Zafi ya shigo. Daga Maris zuwa Mayu ma'aunin zafi yakan haura 40, shi ya sa mata da yawa suka kama sana'ar ruwan sanyi, zoɓo da tsamiya. Galibi gidaje da dama ne ke biyan mai shago su zuba kayansu a firiza ɗaya, yara kuma su ne ake aika su ɗauko. A kan wannan muka zo magana.

Da wutar da ba ta daɗewa, kowa yana son kayansa su yi sanyi da wuri. Gwangwani ya fi saurin ɗaukar sanyi, don ƙarfensa siriri ne kuma zafi yana ratsa shi nan da nan. Ƙullin leda ma ba ya ɓata lokaci idan an shimfiɗa shi, ba a tara shi tsibi ba. Robar ruwa mai kauri takan ja lokaci. Kwalba kuwa, don Allah a daina barinta ta kwana a ciki. Ruwa in ya daskare yakan kumbura da kusan kashi 9 cikin 100, sai ta fashe, yaro ya zura hannu ya yanke.

Ga abin da ya fi damunmu. Ruwa yana zama ƙanƙara a sifiri. Zoɓo mai sukari da yawa yakan ɗan jinkirta, amma zai kama. Barasa mai ƙarfi, irin wuskin nan da ake ƙullawa a ƙananan ledoji, ba ta daskarewa sai sanyi ya wuce 20 ƙasa da sifiri, firizar shago kuwa yawanci 18 take kaiwa. To idan aka wayi gari komai ya yi tauri, amma wata leda tana nan ruwa-ruwa, kada a miƙa wa yaro. Babba ya buɗe ya shaƙa tukuna. Ba mu zo zargin kowa ba, mun san akwai masu sha, firizar kuma ta jama'a ce.

Kowace mai sana'a ta haɗa nata a buhu guda mai alama. Idan yaro ya sha abin da ba a gane ba, ya kama tangaɗi, amai ko barci mai nauyi, a kwantar da shi a gefensa, kada a ɗura masa komai, a garzaya asibiti da ledar a hannu. Bayan nan a sanar da mu a ofishin kariya.