MAGANA ZARAR BUNU: HARSHE DA KARON JIRAGEN SAMA NA TENERIFE, 1977

Gabatarwa



Manufar wannan lacca ita ce a nuna yadda gajeriyar kalma takan jawo asarar rayuka idan mai faɗa da mai ji ba su ɗauke ta da ma'ana ɗaya ba. Misalin da za a duba shi ne karon da jirage biyu ƙirar Boeing 747 suka yi a filin Los Rodeos na tsibirin Tenerife, cikin tsibiran Kanari na ƙasar Sifen, ran Lahadi 27 ga Maris 1977. Mutum 583 suka halaka, kuma har yau ba a sami haɗarin jirgin sama da ya ci rayuka kamarsa ba.

Izini Iri Biyu

Kafin jirgi ya bar ƙasa, matuƙi yana bukatar izini iri biyu daga hasumiya. Na farko shi ne izinin hanya, watau bayanin inda jirgi zai dosa da nisan da zai yi sama bayan ya tashi. Na biyu shi ne izinin tashi, watau umurnin cewa titi ya zama nasa, ya saki birki. Samun na farko ba ya nufin an sami na biyu.

Yadda Abin Ya Faru

Jiragen biyu, ɗaya na kamfanin KLM na Holan, ɗaya na Pan Am na Amurka, Las Palmas suka nufa, amma fashewar bom a filin can ta sa aka karkatar da su zuwa Los Rodeos. Filin ƙarami ne, jirage kuma sun cika wurin tsayawa, saboda haka aka umurci duka biyun su bi ta kan titin tashi, KLM a gaba, Pan Am a baya, shi zai ratse daga titin kafin ya kai ƙarshe. Ana haka hazo ya sauko. Jami'in hasumiya ba ya ganin jiragen, su ma ba sa ganin juna, filin kuma ba shi da na'urar nuna motsin jirage a ƙasa. Abin dogaro ɗaya da ya rage shi ne magana ta oba-oba.

Da KLM ya kai ƙarshen titi ya juyo, hasumiya ta ba shi izinin hanya, a cikinsa kuwa akwai kalmar Ingilishi mai nufin tashi. Mataimakin matuƙi ya maimaita bayanin, ya rufe da wata jimla mai harshen damo, wadda za a iya fahimtarta da "muna wurin tashi" ko kuwa "muna cikin tashi". Jami'in hasumiya ya ɗauki ma'anar farko, alhali Kyaftin Jacob van Zanten ya riga ya saki birki. Jami'in ya ce "OK", sa'an nan ya ƙara da cewa su dakata, zai kira su. A daidai lokacin matuƙan Pan Am suka shigo suna cewa har yanzu suna kan titi. Muryoyin biyu suka haɗu suka zama ƙara, matuƙan KLM kuwa "OK" kaɗai suka ji sosai.

Injiniyan jirgin KLM ya yi shakka, ya tambayi ko Pan Am ya bar titi. Kyaftin, wanda shi ne shugaban horar da matuƙan 747 na kamfanin, ya amsa da ƙarfi cewa ya bari, ba wanda ya sake magana. Da ƙarfe 5:06 na yamma jiragen suka haɗu. Duk mutum 248 da ke cikin KLM suka mutu, 335 suka mutu a Pan Am, 61 suka tsira.

Matsalar Harshe

Bahaushe ba zai sha wahalar gane aibin "OK" ba, domin yana da "to". Idan yaro ya ce wa ubansa zai fita, uban ya ce "to", yana iya nufin ya ji, ko ya yarda, ko kuma da sauran magana. Karin murya da fuskar mai magana su ke rarrabewa. A oba-oba babu fuska, murya kuwa ƙara kan cinye ta. Har ila yau, Ingilishin da aka yi magana da shi ba harshen uwa ba ne ga jami'in hasumiya, ba kuma na matuƙan KLM ba. Wasu masana harshe suna ganin mataimakin matuƙin ya gina jimlarsa ne a kan tsarin Holanci na aikin da ake cikin yi.

Gyaran Da Aka Yi

Bayan haɗarin, an keɓe kalmar tashi don ba da izinin tashi ko soke shi kawai, a sauran magana kuwa wata kalma dabam ake amfani da ita. An hana amsa umurni da "OK". Tilas matuƙi ya maimaita muhimman sassansa, jami'i kuma ya saurara ya gyara. An kuma soma horar da ma'aikatan jirgi yadda na ƙasa zai nace a kan shakkarsa, na sama kuma ya saurare shi. Daga 2008 hukumar sufurin sama ta duniya, watau ICAO, ta wajabta wa matuƙa da jami'an hasumiya na zirga-zirgar ƙasa da ƙasa su ci jarrabawar Ingilishi.

Kammalawa

Ga ɗalibin harshe, wannan haɗari shaida ce cewa ma'ana ba ta cika sai mai ji ya fahimci abin da mai faɗa ya nufa. Ga ma'aikaci kuwa, wanda kullum yake karɓar umurni yana ba da shi, darasin a fili yake: mai ba da umurni ya bambanta "na ji" da "na amince", mai karɓa ya maimaita abin da ya fahimta kafin ya aikata, na ƙasa kuma kada kunyar na sama ta hana shi sake tambaya, domin matambayi ba ya ɓata.