Kunne Ya Girmi Kwamfuta: Jawabin Kwamitin Sana'o'i a Taron Shekara



Mun zagaya wuraren sana'ar 'ya'yan garin nan mazauna birane, kuma akwai abin da ya tsaya mana a rai.

Tun 1996 aka wajabta wa motocin da ake sayarwa a Amurka su zo da kafar jona na'urar bincike, ga su nan birjik a titunanmu. Yau yaro sai ya jona kwamfuta, ta ba shi lamba, ya ce a sayo sabon kaya. Alhali lambar wurin ciwo kawai take nunawa, ba ta faɗin musabbabi. Wataƙila ɓera ne ya ci waya. Tsohon bakanike kuwa sukundireba yake kangawa a jikin inji, ya kara kunne. Ya dubi hayaƙi: shuɗi, inji na shan baƙin mai, baƙi, fetur ya yi yawa, fari mai kauri, ruwa ya shiga.

Haka maƙeranmu. Babu ma'aunin zafi a maƙera, amma idan ƙarfe ya yi ja kamar gauta, wajen digiri 800 ke nan, sun san lokacin tsoma shi a ruwa ya yi. Mai injin feƙe ƙarfe a Panteka ta Kaduna, da sauti ya canza ya san bakin aska ya dakushe, tun kafin aiki ya ɓaci.

Ba gāba muke da na'ura ba. Shaida ce ita, mai sana'a ne alƙali. Abin tsoro shi ne, wannan ilimi ba ya cikin littafi, kuma masu shi suna ta yi mana ban kwana ɗaya bayan ɗaya.

Don haka muna ba da shawara duk yaron da ƙungiya ta ɗauki nauyinsa a kwalejin fasaha, ya riƙa yin hutunsa a gaban wani dattijon mai sana'a, ƙungiya kuma ta riƙa yi wa dattijon ihisani. Masu gareji a birane, kowa ya karɓi yaro ɗaya daga gida. Da tsohuwar zuma ake magani.

Allah Ya albarkaci garinmu, Ya mai da kowa gidansa lafiya.