Furojet a Bakin Ƙofar Agege

Kafin ɗalibi ya karɓi digirin farko a Jami'ar Legas ta Akoka, wadda aka kafa a 1962, ko a Jami'ar Jihar Legas da ke Ojo, sai ya rubuta binciken kammala karatu, wato furojet. Galibi babi biyar ne, a hannun malamin da sashe ya ba shi, mai bin kowane shafi da jan biro har aikin ya miƙe. Daga nan ɗalibi ya tsaya gaban malamai ya kare abin da ya rubuta.

'Ya'yan Hausawan Agege kam ba sai sun yi nisa wajen neman abin da za su bincika ba. Mai karatun tarihi yana da fataucin goro, wanda ya ƙara cika unguwar Zango bayan layin dogo ya haɗa Legas da Kano a 1912. Na kimiyya, ga mayankar Oko-Oba da ruwan da ke kwarara daga cikinta. Mai nazarin harshe kuwa, bencin mai shayi ya ishe shi jin Hausa da Yarbanci a jimla guda.

Abin takaicin shi ne tsohon furojet da ake saye a wasu shagunan buga takardu, a canza suna, a sa sabon bango. Ranar karewa malami ya tambayi inda aka samo alƙaluman babi na huɗu, ɗalibi ya hau sosa ƙeya.